Motar Baba a Cikin Wasan Tsere

Aikina ɓata abubuwa ne. Haka nake ce wa mutane idan suka matsa mini da tambaya, su yi dariya, ni kuma in samu in sulale. Amma ba wasa nake yi ba. A kamfaninmu muna ƙera wasan tseren motoci na kwamfuta, irin wanda mutum zai zauna gaban allo ya riƙe sitiyari ya yi ta sheƙa gudu a titunan wani birni da babu shi a duniya. Wasu ke gina titunan, wasu motocin, wata kuma hasken rana da ruwan sama ne nata. Duk abin da ya fito daga hannunsu fes yake fitowa, kamar ba a taɓa taka shi ba, ido kuwa ba ya yarda da abin da ya cika tsabta. Sai a turo mini. Ni ce mai sa tsatsa a gindin ƙofa, tabon mai a kwalta, tsaga a bango, har sai mai wasa ya manta zane yake kallo.

Shugaban sashenmu Ƙaro-Datti muke ce masa, ya sani, kuma yana amsawa. Zai tsaya a bayan kujerarki da kofin shayi, ya karkata kai, ya ce, "Ya yi kyau. Ƙaro datti." Ni kuma Shiru suke kirana, don nakan wuni ban ce komai ba in ban da gaisuwa.

Babana malamin tuƙi ne. Rabin direbobin unguwarmu ta hannunsa suka bi. Motarsa ƙarama ce mai ruwan toka, rana ta cinye fentin rufinta, tana da birki na biyu a gefen fasinja inda yake zama idan ɗalibi na tuƙi. Ba shi da dukiya, abin da yake da shi magana ɗaya ce, kowa kuma ya haddace ta: "Shekara talatin da ɗaya, ko ƙwarzane." Da wannan maganar iyaye suke kawo masa 'ya'yansu, da ita mazaje suke kawo matansu.

Wata Laraba na dawo daga aiki da wuri. Mama ta tafi kwana biyar wurin ƙanwarta da ta haihu, gidan daga ni sai Baba. Ina tsaye a tagar falo na ga ya karyo zai shigo ƙofar gida, ƙofar da ya shiga sau dubbai. A hankali yake tafe kamar kullum. Ya zo ya daki ginshiƙin ƙofar. Ƙarar ba ta da yawa, kamar murfin babbar tukunya ne ya faɗi.

Ya fito. Bai fara duba motar ba. Ginshiƙin ya nema, kuma da tafin hannu ya neme shi, yana shafawa kamar mai laluben makunnin fitila a ɗaki mai duhu. Ga rana kuwa ba ta faɗi ba.

Sai da na zo dab da shi ya ɗago.

"Uwata, ke ce?" Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, haka yake kirana.

"Ni ce, Baba."

"Rana ce ta shiga idona."

Ranar tana bayansa. Na ga inuwarsa a gabansa, doguwa, ta hau kan motar.

"Kada mamanki ta ji. Kada kowa ya ji. Musamman Guduma."

Guduma kawuna ne, ƙanin Mama, gyaran jikin mota ne sana'arsa. Tun ina ƙarama yake tsokanar Baba cewa yana jiran ranar da motar za ta zo garejinsa, har ya ware mata guduma ta musamman. Baba yakan ce gudumar za ta yi tsatsa tana jira.

Na ce, "To, Baba."

Muka ja tampol muka rufe ta.

A makon nan sau uku Ƙaro-Datti yana dawo mini da aiki ɗaya. Ana son wata tsohuwar mota a gefen titi wadda gabanta ya lotse, na zana lotsewar, ya ƙi ta.

"Wannan ƙarya ce, Shiru. Kamar an danna kwali da babban yatsa. Ƙarfe ba haka yake naɗewa ba. Je ki nemo ta gaske."

Nemo ta gaske a wurinmu yana nufin ki ɗauki kyamara ki samu abin, ki kewaye shi kina ɗauka, taku ɗaya hoto ɗaya, a tsaye, a tsugune, a kan kujera. Sannan kwamfuta ta ɗinke hotunan ta fito da abin sak, har da ƙurar da ke kansa. Sau biyu na je na tsaya a tsallaken wani gareji, kyamara a jaka, ina kallon maza cike da wurin, na juya na koma. Da garejin Kawu na je da na samu goma. Amma Kawu zai yi shela, "Ga injiniyar gidanmu ta zo ɗaukar bola hoto!", ya sa ni bayani a gaban mutane. Ga kuma wata a tsakar gidanmu, ƙarƙashin tampol, wadda ba za ta tambaye ni komai ba.

Washegarin ranar da ya daki ginshiƙin, da sassafe, Baba ya fita da ƙafa, zai je can ƙarshen gari neman mai gyaran da bai san mu ba. Sama ta yi lumshi, babu rana babu inuwa, irin hasken da muke roƙo a aikinmu. Ina tuna na yi tunanin haka: kai, ga haske. Na yaye tampol. Hoto ɗari huɗu da goma sha biyu na ɗauka cikin minti arba'in. Na tsuguna har gwiwata ta yi baƙi, na ɗauki inda ƙarfen ya naɗe a bayan fitila, da layin koren fentin ginshiƙin da ya manne a ciki. Na mayar da tampol yadda yake, har da dutsen da Baba ya danne gefensa da shi.

Kwana biyu motar ta dawo sumul. Baba da kansa ya sake wa ginshiƙin fenti, ya haɗa da ɗaya gefen don kada su bambanta. Da Mama ta dawo abin da ta gani ke nan.

"A'a, Malam, yau kuma kai ne da fenti? Sai in riƙa tafiya ke nan."

Ya yi dariya. Ni ma na yi.

Kamfaninmu yana da doka a kan abin da aka ɗauko daga waje: a goge lamba, a goge suna, a goge fuskar mutum. In an yi haka, abin ya zama ba na kowa ba. Na goge lambar. Na cire allon makarantar tuƙi da ke kan rufi. Na ce wa kaina na bi doka. Niyyata ma lotsewar kawai zan ciro in manna a wata motar. Amma Ƙaro-Datti ya zo wucewa ya gan ta a allona gaba ɗayanta. Ya tsaya. Ya ajiye kofinsa a teburina, abin da bai taɓa yi ba.

"Kada ki taɓa komai," ya ce. "Ku zo ku gani."

Suka taru a bayana. Wani ya ce har warin kujerar yana ji. Aka sa ta a gefen titi a lanƙwasar farko, inda dole kowane mai wasa ya rage gudu, gefen da ya lotse yana kallon titi. Mai haske ta saukar mata da ranar hantsi. Ran nan ne karo na farko da aka ambace ni a taron mako, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Na tafi gida ina jin daɗin har cikin bas.

Wata biyar aka yi. Kullum da safe Baba yana fita da ɗalibi. Ni kuma ina kallo, kallo ne abin da na iya. Na ga idan zai zuba shayi yana sa yatsa a bakin kofi ya ji inda ya kai. Na ga waya tana matsowa kusa da hancinsa. Na ji wata ɗalibarsa tana ba Mama labari cewa Malam yana da tsanani, kowace alamar titi sai ya ce ta karanta masa da ƙarfi, wai gwaji ne. Na san ba gwaji ba ne. Na yi alkawari, na riƙe alkawarin a gida gam, alhali a ofis kullum ina wuce motar sau ashirin, sau talatin, ina gwada ko tabon mai ya zauna daidai.

Sau ɗaya na gwada.

"Ko a canza mata launi?" na ce wa Ƙaro-Datti.

"Saboda me?"

"Haka kawai."

"Haka kawai ba dalili ba ne. Ruwan tokan da rana ta cinye ba a zana shi, Shiru, samunsa ake yi."

Na koma kujerata.

Da wasan ya kusa fita, kamfani ya sa ranar Asabar kowa ya kawo iyalinsa su gani. Na cusa katin gayyatar a ƙasan jaka. Mama tana neman cajar waya ta ci karo da shi.

"Kunyarmu kike ji?"

"A'a, Mama. Hayaniya ce kawai."

"Malam, ka ji 'yarka. Shekara biyu tana zuwa wurin nan ba mu san ko ƙofarsa ba."

Ofishinmu hawa na uku ne, gwiwar Mama kuwa ba ta hawa bene. Ta ce Guduma ya je a madadinta ya dawo ya ba ta labari, shi ya fi iya ƙara gishiri.

Baba ne ya tuƙa mu. Kawu ya zauna a gaba, ya ɗora ƙafa a kan birki na biyu.

"Yaya, yau ni ne malami. Ka yi kuskure ɗaya in taka."

"Sauke ƙafarka, Guduma, wannan ba wurin buge-buge ba ne."

"A wannan gudun ai sai an tashi taro mu isa. Ga mai keke can ya wuce mu yana gaishe mu."

Ina baya ina kallon ƙeyar Baba. Yana bin bayan wata farar babbar mota, bai yarda ta yi nisa ba, inda ta karya nan yake karyawa.

An kwashe tebura daga babban ɗaki, an kafa allo mai faɗin bango, a gabansa kujerar mota da sitiyari da birki da totur. Mijin wata ya hau ya daki bango tun kafin ya yi nisa. Mahaifiyar mai haske ta hau tana ihu tana salati, motar tana juyawa a tsakiyar titi. Kowa yana wuce lanƙwasar farko da gudu ko da hatsari, babu mai kallon gefen titi. Na fara numfashi. Na tsaya kusa da teburin lemo, na ce in Allah ya so haka za a tashi.

Sai Kawu ya buɗe baki.

"Duk waɗannan 'yan koyo ne. Ga malaminsu nan zaune. Shekara talatin da ɗaya, ko ƙwarzane!"

Ƙaro-Datti ya yi farin ciki. "Baban Shiru malamin tuƙi ne? Ba ta taɓa faɗa ba. Baba, don Allah, ka nuna mana."

Baba ya ƙi sau biyu, a na uku ya tashi. Ya zauna, ya matsar da kujerar, ya laluba kafaɗarsa yana neman bel.

"Babu bel, Baba."

"Mota babu bel. To. Ina madubi?"

"Yana cikin allon, a sama."

"Sigina fa?"

"Ba a sa ba. Tsere ne."

"Allah ya kyauta."

Aka yi dariya, irin ta ƙauna. Ya ɗora hannu biyu a sitiyari yadda yake koyarwa. Motar da aka ba shi tana kai ɗari uku, shi ya tsayar da ita a talatin. Sauran motocin suka wuce shi fuu, ƙararsu ta cika ɗakin.

"Waɗannan wa ya koya musu?" ya ce.

Dariya ta ƙaru. Yana bin farin layin tsakiyar titi, bai kauce ko kaɗan ba. A talatin komai ana ganinsa: shagunan da na sa wa tsatsa, kwatar da na fasa, bangon da na tsaga. Lanƙwasar farko ta taho a hankali, a hankali.

"Tsaya, Yaya," in ji Kawu. "Taka birki. Bari in ga wani abu."

Baba ya taka. Motar da na ɗauka hoto ta cika rabin allon, girmanta kamar na gaske, ranar hantsi a kanta.

Kawu ya matsa gaba da kwalbar lemo a hannu. Ba motar yake kallo ba tukuna, lotsewar yake kallo, yadda likita ke kallon ciwo.

"Kai! Wannan ba zane ba ne. Wannan ta gaske ce. Ka ga, ba wata mota ce ta buge ta ba, ita ta je ta samu abu a tsaye. Ginshiƙi, mai kusurwa. Kuma ba gudu ake yi ba, ko ashirin ba a kai ba."

"Ta yaya ka sani?" in ji Ƙaro-Datti, idonsa na ƙyalli.

"Sana'ata ce. In direba ya taka birki, gaban mota yana dusawa, bugun sai ya kama sama. Wannan a miƙe ya shiga. Bai taka ba, bai kuma murza sitiyari ba. Wannan direban bai ga ginshiƙin ba sam, sai ƙara ya ji."

"Kun ji?" Ƙaro-Datti ya juya ga sauran. "Kun ji abin da nake gaya muku kullum? Wannan shi ne aiki!"

Wani ya tafa. Wasu suka juyo suna kallona suna murmushi.

Kawu bai juyo ba. Ya ƙara matsawa har hasken allon ya hau fuskarsa. Na ga idonsa ya sauka a kan koren fentin. Ya tashi daga nan ya koma mariƙin ƙofar baya, baƙi, wanda bai yi kala da sauran ba, wanda shi da hannunsa ya ɗaura shi a tsakar gidanmu shekara uku da suka wuce. Sannan ya leƙa ta gilashi, kamar yadda ake leƙa mota ta gaske. Hotuna ɗari huɗu ba sa barin komai. Birki na biyu yana nan a gefen fasinja, robarsa ta cinye a gefe ɗaya.

Ya sauke kwalbar.

"Yaya," ya ce, muryarsa ta canza. "Ai wannan motarka ce."

"Wace?"

"Ga ta nan a gabanka."

Baba ya sunkuyo gaba, ya ƙanƙance ido. Ya daɗe. Tsakaninsa da allon bai fi taku uku ba.

"Wannan abin mai haske?" ya ce. "Na ɗauka rumfa ce."

Injin motar wasan ne kawai yake ta gurnani a ɗakin. Wata yarinya ta tambayi uwarta me ya faru, aka ce ta yi shiru. Kawu ya juyo ya dube ni. Ba harara ba ce. Da harara ce da ta fi mini sauƙi.

Baba ya saki sitiyarin. Ya tashi, ya gyara rigarsa, ya miƙa wa Ƙaro-Datti hannu.

"Na gode. Titinku ya yi kyau. Sai dai ban ga wurin tsallakawar masu ƙafa ba."

"Za a duba, Baba," in ji Ƙaro-Datti, a ƙasa-ƙasa.

Muka sauka bene, Baba a gaba yana riƙe da ƙarfen gefe. A wurin ajiye motoci Kawu ya je gaban motar ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa, gefen direba, sannan gefen fasinja. Ko ni na ji ƙarar ba iri ɗaya ba ce.

"Cike lotsewar kawai ya yi, bai buge ƙarfen ya miƙe ba," ya ce. "Wa ya yi maka wannan aikin?"

"Ba ka san shi ba."

"Shekara nawa ina roƙon motar nan ta zo wurina, ran da ta buƙace ni ka kai ta wurin baƙo." Ya nuna can gefe da yatsa. "Yaya, karanta mini lambar waccan jar motar."

"Ni ba ɗalibinka ba ne."

"Na sani. Karanta."

Baba bai ko juya wajen ba. Ya ciro makulli daga aljihu ya ba shi, ya buɗe ƙofar baya ya shiga. Dole na zauna a gaba, a kujerarsa. Har muka isa gida ban san inda zan ajiye ƙafata ba.

Shi da kansa ya gaya wa Mama, a ɗaki, ƙofa a rufe. Da ta fito idonta ya yi ja. Ta same ni a kicin ina wanke kofin da na riga na wanke.

"Wata biyar," ta ce. "Wata biyar yana fita da 'ya'yan mutane." Ta jingina da bango. "Gara da Allah ya sa kika yi abin da kika yi. Ba ki iya faɗa da baki ba, kin faɗa ta hanyarki."

Kawu ma haka ya ce washegari a waya, wai wataƙila rai na ceta. Na so in ce musu ba haka ba ne. Ban ɗauki hotunan don in ceci kowa ba. Na ɗauka ne don an dawo mini da aiki sau uku, kuma ina tsoron shiga gareji. In da ceto nake nufi, da ran Larabar nan zan kira Mama. Sirrin da na hana mahaifiyata, wadda take da haƙƙi a kansa, shi na kai wa mutum ashirin da ba su san shi ba, aka yaba mini, na ji daɗi. Ban faɗi ko ɗaya ba. Na ce, "To, Kawu."

Ran Litinin ɗalibar ta zo ƙarfe bakwai kamar kullum. Ina jin su ta taga. Baba ya ba ta lambar wani malamin, ya ce mutumin kirki ne, sai dai yana da saurin fushi, ta yi haƙuri da shi. Ta tambaya ko lafiya. Na ɗauka zai ce tafiya ce ta taso, ko motar ce.

"Idona ne," ya ce. "Na daki ginshiƙin nan da kike tsaye kusa da shi."

Kafin mako ya ƙare unguwa ta ji. Masu zuwa gaishe shi suna magana da shi a hankali, kamar mara lafiya. Kawu ya zo sau biyu, ya zauna, suka yi hirar tsadar ƙarfe. Bai tsokane shi ko sau ɗaya ba, kuma na ga Baba yana jira.

A ofis na je teburin Ƙaro-Datti na tsaya, na ce ina so a cire motar. Ban kai ga bayani ba ya ce to. Ya buɗe, ya danna, ya goge ta, ya jawo wani kwandon shara ya ajiye a wurin. Minti uku.

"Da kin faɗa mini tun farko ta babanki ce," ya ce, bai ɗago ba.

Baba bai yi mini faɗa ba. Yana amsa gaisuwata, yana karɓar shayi daga hannuna. Maganar ce kawai ba mu taɓa ba. Ranar da aka ba shi a asibitin ido ta faɗo ran da Mama ba ta jin daɗin gwiwarta, sai ta ce in raka shi. Muka hau bas. Ya zauna kusa da taga yana sauraren yadda direban yake canza giya, yana girgiza kai.

A ɗakin jira aka ba mu takarda, na cike masa. Yaushe abin ya fara, in ji takardar. Na tambaye shi.

"Rubuta shekara ɗaya." Ina ɗora biro ya ce, "Rubuta biyu."

Na rubuta. Muka zauna da 'yar lambarmu a hannu, mutane suna shiga suna fita da auduga a ido.

"Da gaske ta yi kama?" ya ce, yana kallon gabansa.

"Ta yi, Baba."

"Har da fentin ginshiƙin?"

"Har da shi."

"Guduma ya ce har robar birkina." Ya gyaɗa kai. "To, kin iya aikinki."

Na ce, "Baba, ka yafe mini."

"Da kin tambaye ni."

"Da za ka yarda?"

"A'a."

Ya juya 'yar takardar lambar a hannunsa, ya kai ta kusa da fuska, ya sauke.

"Ni ma bai kamata in ɗora miki ba," ya ce. "Amma da kin tambaye ni."

Lambarmu ta fito a ƙaramin allon da ke saman bango. Na taɓa hannunsa na ce mu ne. Ya tashi kafin in tashi, ya yi gaba shi kaɗai, ƙafarsa a miƙe kamar ya san wurin. Ƙofofi biyu ne a ƙarshen ɗakin, ya nufi ta dama, wadda aka rubuta wa ma'ajiyar kaya. Ɗakin cike yake da mutane, kuma ya yi mini nisa, in ba da ƙarfi na yi magana ba ba zai ji ba. Ya kai hannu ga mariƙin.

"Baba!" Kowa ya juyo. "Ba nan ba ne. Ta hagu."

Ya tsaya, hannunsa a kan mariƙin. Sannan ya sake shi, ya karya hagu, bai waiwayo ba. Na kwashi takardun na bi shi.